Daidai Muryar Yaya

Auta ce ke rubuta waƙoƙin, yayanta ke rerawa. Haka suka taso, haka suka manyanta, a ɗan ɗakin da ke bayan shagonsa na gyaran fanka da dutsen guga, inda suka jingina tsofaffin katifu a bango don kada hayaniyar titi ta shiga waƙa. Hayaniyar kuwa shiga take abinta. Akwai waƙarsu guda da in ka kasa kunne za ka ji wani direba yana zagin mai babur a baiti na biyu.

Su ke fitar da waƙoƙinsu da kansu, kuma in an ce su, to Auta ake nufi. Ita ke ɗorawa a intanet, ita ke haɗa hoton, ita ke bin ma'aikatan rediyo da gaisuwa kamar surukanta, ita ke rubuta wa masu kwashe musu waƙa su sa a shafinsu, su kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Mutane kan ce ai sun huta, ba su da ubangida. Auta sai dai ta yi murmushi. Ta gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma rabon da ta zauna ta rubuta baiti ba tare da waya na kuka a gefenta ba har ta manta.

Shi ya sa da wani kamfani ya neme ta, ta je. Aikinsu shi ne su karɓi waƙa daga hannun marubuci, su nema mata mawaƙi, su bi wa marubucin haƙƙinsa duk inda aka sa ta. Matar da ta tarbe ta ba ta da kewaye-kewaye, kuma Auta ta so a ce tana da shi ko kaɗan ne.

"Rubutunki muke so," in ji matar. "Murya kam muna da masu ita."

Ta kunna wata tsohuwar waƙarsu, ta bi ta da sabuwa.

"Ga abin da ban gane ba. Na da suna tashi sama, na yanzu kuwa duk sun kwanta ƙasa. Sannan ga wannan gurbi da kike bari a tsakiyar layi, kiɗa na tafiya ba a cewa komai. In kin shigo wurinmu, ɗaga su za a yi, a rufe guraben."

Auta ta ce za ta yi shawara. Ta san amsar abin da matar ba ta gane ba, ba ta dai ga dalilin faɗa wa baƙuwa ba. Shekarun nan muryar Yaya ta fara dishewa daga sama. Duk lokacin da ta ga jijiyar wuyansa ta miƙe, sai ta matsar da yatsunta hagu kaɗan a kan fiyano, waƙar ta sauko inda zai kai. Guraben kuma wurin numfashinsa ne. Ba ta taɓa gaya masa ba, don mutum ne da ko tabarau sai da aka yi rigima kafin ya yarda ya sa.

Ta same shi a shago da rana tsaka, ya buɗe cikin wata fanka yana hura ƙura.

"Ya kika baro su?" ya tambaye ta.

"Ba su yi mini ba. Sanyin ofishinsu ya yi yawa, mutum sai ya kamu da mura."

"To fa. Sanyi ne ya kore ki." Ya goge hannu a tsumma. "Ni ne ba sa so, ko?"

"Wa ya ce maka?"

"Fuskarki. Tun kina rarrafe ba ki iya ƙarya ba. Mu je ciki mu gwada sabuwar nan."

Ta zauna gaban fiyano, shi ya tsaya inda ya saba tsayawa, kusa da katifar da audugarta ta leƙo. Ta soma kaɗawa. Ko layi ɗaya ba ta kai ba ya ɗaga mata hannu.

"Ba nan kika fara jin ta ba."

"Nan ne mana."

"Auta, shekaranjiya kina share ɗakin nan na ji ki kina rera ta can sama. Katifun nan ba sa hana komai fita, ke ma kin sani. Mayar da ita inda take."

Ta dube shi, kunya da tausayi suka rufe ta lokaci guda. Ashe duk ɓoye-ɓoyen nan ita kaɗai take yin abinta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Hannunki nake kallo in ina rerawa. Kullum sai ƙara nisa yake da tagar nan ta damanki. Kaɗa."

Ta matsar da yatsunta dama. Ya ja numfashi ya shiga. Baitin farko ya lallaɓa ya wuce, da aka zo amshi muryar ta tsage, ta koma tari. Ya dafa bango har tarin ya lafa. Auta ta ɗauke hannu.

"A'a, ƙarasa," ya ce. "Ina so in ji."

Ta kaɗa amshin ita kaɗai, tana rerawa a hankali. Ita kanta ta manta waƙarta na iya buɗewa haka. Yaya ya tsaya kansa a sunkuye, leɓɓansa na motsi ba sauti.

"Waƙa ce mai kyau," ya ce da ta tsaya. "Ban san ta kai haka ba. Ki kai musu."

"Wa zai rera?"

"Wanda zai iya."

"Yaya, ni ban ce na gaji ba."

"Ba sai kin ce ba. Ni ma na gaji, maƙogwaron nan kullum kamar an goga masa yashi." Ya yi 'yar dariya. "Ki dai tabbata wanda za su ba bai fi ni kyau ba."

Wani ya yi sallama a shago, yana tambayar ko an gama masa dutsen gugarsa. Yaya ya amsa, ya fita, ya ja ƙofar.

Auta ta daɗe a zaune. Daga baya ta ɗauki waya ta kira matar kamfanin, ta ce gobe za ta shigo ta sa hannu. Matar ta yi murna, ta roƙe ta ta zo da sabuwar waƙa in akwai, a ɗage, ba gurbi. Auta ta ce to.

Ta ajiye wayar, ta danna na'urar ɗaukar murya, ta soma waƙar daga farko can sama inda ta fara jin ta. Komai na tafiya daidai har tsakiyar layi na uku. Nan bakinta ya tsaya da kansa, yana jiran Yaya ya ja numfashi. Daga shago ba ta ji komai ba sai fankar da yake gwadawa. Ta goge abin da ta ɗauka ta sake farawa, ta kuma sake tsayawa a wurin.