Gumbar Sulle Matuƙin Jirgi

Ranar da Sulle ya mutu, Hajo ko loma ɗaya ta tuwo ba ta iya haɗiyewa ba. Kada ku ɗauka wani Sullen garinsu Kafin Dafga ne, wannan ko hanyar Karaye bai taɓa takawa ba. Matuƙin jirgi ne a wani dogon fim mai kashi-kashi, na mutanen da suka bar duniya suna yawo tsakanin taurari. Surukarta Rumasa'u ce ta je kasuwar Rogo aka tura mata shi a waya, fassarar Hausa, kullum bayan la'asar sai su jingina wayar da turmi su baje a tabarma. Sunansa na ainihi ya fi ƙarfin harshen Hajo, shi ne ta raɗa masa Sulle, don wushiryarsa da yadda yake sosa ƙeya in ya yi ƙarya sak ƙaninta Sulle marigayi.

To, rannan Sulle ya fita gyaran jirgi ta waje, igiyar da ke riƙe da shi ta tsinke, duhu ya haɗiye shi. Abokan tafiyarsa suka jeru suka sara masa, shi ke nan, kowa ya koma bakin aikinsa. Ba wanka, ba likkafani, ba sallah.

"Ashe maraya ne," in ji Hajo tana share ido da gefen mayafi. "Kashe wayar nan, Rumasa'u. Ba mai sake kallo a gidan nan sai an yi masa sadakar uku. In ba shi da kowa, ni ina nan."

"Inna, ai wasan kwaikwayo ne fa."

"Ke dai jiƙa gero."

Ranar uku aka daka gumba, ta sha sukari, aka cura ta aka jera a faifai. Hajo ta aika a kira Malam Halliru, ƙanin mijinta marigayi, wanda ke jan sallah a masallacin ƙofar gida, ya zo ya yi addu'a kafin a raba. Maƙwabciyarta Zakiyya ma ta shigo da ƙwaryarta, don ita ba a daka abu a unguwa ba ta ji ƙarar taɓarya ba.

Bayan doguwar gaisuwa Malam ya zauna, ya dubi faifai, ya haɗiyi yawu. "Yaya Hajo, wa muka rasa ban ji ba?"

Da ta gaya masa, sai ya tattare babbar riga kamar zai tashi.

"Wannan matuƙin? Ba da bakina ba. Mutanen jirgin nan ba su yarda akwai Mahalicci ba, kuma ba a nema wa irinsu gafara. Ke kika sa masa sunan Musulmi, ba ubansa ba. Kin taɓa ganin goshinsa a ƙasa?"

In Malam ya ƙi, gumbar nan ta zama abin tauna kawai, Sulle kuma ya tafi ba ko fatiha. Ta gyara zama.

"Malam, kai ka taɓa ganin ya zagaya bayan gida?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"Tambaya ce. Ba su taɓa nuna mana ba. Sai mu ce ba ya zagayawa? Mai kunya ne, ba ya ibada a gaban jama'a don a gani, ba kamar wasu da ake jin tasbihinsu daga bakin titi ba. Kuma matafiyi ne, ƙasaru yake yi."

"Ƙasaru ragewa ce, ba yafewa ba!"

"Ni abin da ke damuna," Zakiyya ta sa baki, idonta a kan faifai, "can sama ina gabas take? Rana ba ta fitowa, ba ta faɗuwa. Ƙila har yanzu bawan Allah jiran azahar yake."

"Kin ji ko!" in ji Hajo.

Malam ya ɗaga yatsa. Shi mutum ne da in gardama ta yi daɗi yakan manta da inda ya sa ƙafa. "Ƙwayoyin nan da suke haɗiya a madadin abinci, da hagu yake jefawa, ba bismilla. Ranar da wuta ta kama jirgi, wa ya kira? Na'ura! Sannan da bakinsa ya gaya wa likitar nan mai koriyar fuska cewa shi da lissafi kaɗai ya yarda."

Hajo ta dubi Rumasa'u, Rumasa'u ta girgiza kai.

"Yaushe ya faɗi haka? Mu ba mu ji ba."

"A asibitin jirgi mana, bayan ya dawo, lokacin da ake ɗaure masa..."

Malam ya dafe baki da hannu. Har kaza a tsakar gida ta daina tono.

"Bayan ya me, Halliru?" Rabon da Hajo ta kira shi da gundarin sunansa tun yana yawo da wando ɗaya.

Ya sosa ƙeya, shi ma. Wai wani jirgi ne ya tsinci Sulle yana lilo a duhu da sauran numfashi. Wai shi Malam ya sa an tura masa fim ɗin gaba ɗaya, ya kalle shi har ƙarshe, amma fa ba don daɗi ba, don ya san abin da zai hana jama'a ne.

Hajo ta rangaɗa guɗa irin wadda ba ta yi ba tun bikin Rumasa'u. Sai da ta numfasa ta turo faifai gaban Malam.

"To magana ta ƙare. Gumbar mamaci ta zama ta godiya, matafiyi ya kuɓuta. Imaninsa kuwa, na ji, ka ce ba shi da shi. Amma mai rai ne. An hana roƙa wa mai rai shiriya?"

Malam ya juya maganar ta kowane gefe, bai sami ƙofa ba. "Ba a hana ba."

"Ɗaga hannu."

Haka ya ɗaga, ya roƙi Allah ya shiryi Sulle da likita mai koriyar fuska da duk wanda ke cikin jirgin, mata suka shafa. Rumasa'u ta buɗe baki za ta sake cewa wasan kwaikwayo ne, Hajo da Malam suka harare ta a tare, ta rufe.

Zakiyya ta cika ƙwarya ta fita. Malam ya ɗauki curi biyu, amma bai tashi ba, yana kallon Rumasa'u tana jingina waya da turmi.

"Ba ka ce haramun ba ne?" in ji Hajo.

"Akwai wani wuri da ban gama bincikawa ba."

"To matsa can ƙarshen tabarma. Kuma in ka kuskura ka faɗa mini abin da zai faru, gumbar gaba taka ce."