Bayan Gidan Silima

"Ka shigo ta bayan gidan silima," in ji Tela, waya manne a kunnensa. "Kana wuce famfo ka karya dama."

"Wane silima kuma, Baba?" direban motar asibitin ya tambaya.

Tela ya saki baki. A gabansa ga maƙwabcinsa Mai Hoto kwance a ƙasan shago, gindin labulen ɗaukar hoto mai zanen teku, baki ya karkace gefe guda. 'Yarsa ta tallafe masa kai tana yi masa fifita da kwali. Yanzun nan fa mutumin nan yake tsokanarsa ta taga, wai wandon da ya ɗinka masa ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya. Bai ƙarasa dariyar ba ya sulale.

"Kawu, don Allah ka yi musu kwatance su zo!" in ji 'yar.

Kwatance kuma ai nan aka zo gidansa. A wannan unguwa ta tsakiyar gari aka haifi Tela, a nan ya yi furfura, ko an ɗaure masa ido ba lungun da zai ɓace masa. Cikin mutanen da can, shi da Mai Hoto kaɗai suka rage. Sauran sun tattara sun koma bayan gari, gidajensu suka zama shagunan waya da ɗakunan ajiye kaya. Sai dai a bakin tsofaffin nan biyu ba abin da ya gusa: silima tana nan, famfo yana zuba, kuma kullum suna gane juna.

"To, ka san tsohuwar tasha?"

"Baba, ni tasha ɗaya na sani, tana can bayan gari."

"Gidan burodi fa?"

"Sunan titi nake so, Baba. Yana numfashi?"

Yana yi, amma da ƙyar, da wani gurnani mai tsinka zuciya. Tela ya dubi 'yar, ta girgiza kai. Ita ma bayan silima ta tashi ta ji ana cewa. An dai taɓa kafa wani shuɗin allo a bakin layi, amma wa zai tsaya karanta sunan ƙofar gidansu?

Ya fita da gudu ba takalmi, tef ɗin awo na lilo a wuyansa. A bakin layi ya ja ya tsaya. Inda silima take wani dogon bene ne mai gilasai. Wurin famfo an jibge janareto. Kullum ta nan yake wucewa, amma kamar yau ya fara ganinsu. Allon kuwa an lulluɓe shi da tallar katifa.

Ya cafke hannun wata mai sayar da takalma. "Baiwar Allah, nan ina ne?"

Ta dube shi sama da ƙasa kamar ta ga mai taɓin hankali, sannan ta karɓi wayar. "Layin masu caja, gefen banki," ta ce.

"Haba!" Har Tela yana jiyo ihun direban. "Ai tun ɗazu nake ta zagaya wurin nan!"

Tela ya shigo layin a gaban motar yana haki, yana ture tebura, masu kaya na zaginsa. Daga ƙofa ya hango kwalin yashe a ƙasa. 'Yar ta cire mayafinta ta rufe wa uban fuska.

"Kawu, ya tafi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ma'aikatan suka durƙusa, suka taɓa wuya, suka miƙe a hankali. Tela ya jingina da ƙyaure, hawaye na bin gemunsa.

"Na gaya wa direban fa," ya ce. "Wallahi na gaya masa daidai."



Layin ya yi wa motar ƙunci, ba wurin juyawa, dole ta fita da baya. Tela ya share fuska, ya zagaya bayanta. An kashe jiniya. Yana tafe da baya-baya tsakanin tebura, yana yafito direban da hannu, a hankali, har bakin titi.