Ja da Kore

Sau ɗaya a shekara makarantar ke kafa dandamali, ranar da ɗalibai ke wasan kwaikwayo gaban iyayensu, kuma shekara ashirin da shida ke nan mutum ɗaya ne ke ja masa wuta. Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa taka ƙofar jami'a ba. Tsantseninsa har haushi yake ba mutane. Ba ya yarda fitila mai zafi ta kusanci labule, ba ya ɗora wa soket abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa ya tarar an naɗe haɗin waya da leda maimakon tef, sai ya yi ta faɗa kamar an zagi mahaifinsa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun da aka haife shi idonsa bai taɓa raba ja da kore ba. Launi ɗaya yake ganinsu, wani abu mai kama da ƙasa. A sana'arsa kuwa wannan ba abin wasa ba ne. A irin wayar da yake aiki da ita, ja ke ɗauke da wuta, kore kuma ake ɗaure wa jikin ƙarfe don ta kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa. Ka musanya su, duk wanda ya dafa ƙarfen sai dai wani ba shi ba.

Matarsa ce idonsa. A tsakar gida yake aunawa ya yanka waya, ita kuma ta zauna bakin ƙofa inda haske yake, ta bi kowane baki da zare: ƙulli ɗaya ja, ƙulli biyu kore. Hatta gilasan launi da ake sa wa fitilu ita ke zaɓa, ta rubuta a bayansu wanne ne na fitowar rana, wanne ne na wurin kuka. Wata huɗu ke nan da rasuwarta.

Ya zo ɗakin taron da safe da ƙarfin gwiwarsa, don tsofaffin wayoyinsa na nan a sito da ƙullinta a jiki. Ashe ɓeraye sun riga shi. Shugabar makaranta, cikin kirkinta, ta sa an zubar da su an sayo sababbi, ga su nan a naɗe kan benci.

"Yau ka huta da faɗa, tsoho," in ji kafinta, abokin tsokanarsa, yana buga ƙusa a matakala. "Sabuwa fil. Ko ita ma za ka ce ba ta yi sallama ba?"

Injiniya ya yi yaƙe. Ya yanki waya, ya feɗe bakinta. Cikin siraran wayoyi uku da ke ciki, baƙar ya gane ta. Sauran biyun suka tsaya masa kamar tagwaye. Ya matsa bakin taga, ya juya su a rana, ya kanne ido ɗaya. A banza. Kewar matarsa ta taso masa, kuma ya ji kunyar cewa waya ce ta tayar da ita.

Ba dabara ya rasa ba. Yana da mitar gwajin waya. Zai iya bin kowane layi daga baki zuwa baki, ya haɗa, fitilu su kama, ba wanda zai ji ko ɗar. Amma mita ba ta faɗin launi. In ya sa wuta a kan kore, aikin zai tafi daidai bana. Baɗi ko baɗin baɗaɗa wani zai zo gyara, ya ga kore ya saki jiki, ko ya ɗaure ta a jikin firam ɗin ƙarfen da yara ke dafawa in za su hau. Shi da bakinsa ya sha faɗa wa mutane cewa launi alkawari ne tsakanin mai aiki da wanda zai zo bayansa.

Ya dubi kafinta. Tambaya ɗaya za ta wuce a matsayin wasa. Amma bakin waya arba'in ne da wani abu, kuma bakin kafinta ba shi da murfi. Kafin azahar duk layin masu shaguna zai ji, kuma wa zai sake kiran mai lantarkin da ba ya ganin ja? To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ajiye filaya, ya nufi ofis.

"Baba, lafiya? Wayar ba ta yi ba?" Shugabar ta miƙe ta ba shi kujera.

"Wayar ta yi, Malama. Ni ne ban yi ba."

Ya faɗa mata duka, a tsaye, bai rage komai ba. 

"Shekara ashirin da shida, Baba? Da 'ya'yan mutane a kai?"

"Ko sau ɗaya ba a yi kuskure ba. Matata ba ta kuskure."

"Allah ya jiƙanta." Ta sauke numfashi. "Ka san ba zan iya barinka ka ci gaba ba."

"Da kin bar ni, da na raina ki. Ki kira mai shagon lantarki na bakin kasuwa, hannunsa na da kyau. Ki ce masa kada fitila ta matso labule."

Ta rako shi har ƙofa, idonta ya kawo ruwa. Don ta sanyaya masa zuciya ta ce ranar wasan za ta kira shi gaban iyaye a tafa masa, kamar kowace shekara.

Ya girgiza kai. "Kada ki kira ni, Malama. Sau ashirin da shida ina hawa ana tafa min, ana cewa Injiniya mai ido. Tana zaune a bencin baya, ita ma tana tafawa. Ko sau ɗaya ban juya na nuna ta ba."