Ya Yi Ƙasa, Leland

Yin ɓarna daban, ƙin cewa "na yi kuskure" daban. Na farko kowa na iya faɗawa ciki, na biyun kuwa shi ke cin mai shi. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Verna Sorby tana kiwon tumaki a gabashin Montana ta ƙasar Amurka tun rasuwar mijinta. Wayar shinge kaɗai ta raba makiyayarta da ta Leland, ƙanin marigayin. Shi Leland ya sayo tsohuwar bindigar sojan Sweden a gwanjo, ya ce da ita zai ga bayan koyoti, dilolin nan da ke ɗauke musu 'ya'yan tumaki. A gareji yake ɗura harsashinsa da hannunsa: ya auna albarushi, ya zuba a kwanso, ya danna kai. Bindigar an ƙera ta ne don dogon harsashi mai nauyi, shi kuwa ya zaɓi ƙarami, wai ya fi gudu. Ko gwaji a jikin allo bai yi ba. Ya hango dila a kan tudu, farin karen Verna na bin sa, ya saki wuta. Dila ya tsere, kare ya faɗi.

Verna ta zo da akori-kura ta ɗauki gawar, ta tsaya tana jiran kalmar ban haƙuri ɗaya tak. Leland ya tofar da tabar bakinsa, ya ce kare ai kare ne, ta sayi wani, wa ma ya aike shi gaban bindiga? Ta ja motarta ta tafi. Karen nan bai san waya ba, garken biyu yake gadi, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Da haihuwar tumaki ta matso, Verna ta kora nata rumfar bayan gida, ta yarda ta ƙarar da ciyawar da ta tara. Leland ya bar nasa a fili, ya ƙara albarushi, yana cewa rashin gudu ne ya sa ya kuskure. Ya yi ta harbi, ko jelar dila bai taɓa ba. Maharbin da ya rasa inda harsashinsa ke sauka, dole ya nemi mai duba masa da madubin hangen nesa. Haka ya sa ƙafa ya zo ƙofarta.

"Matar yaya, idon nan naki yana nan? Zo ki duba mini."

"Da saura, ƙanina. Har yanzu ina bambance fari da ruwan toka."

Ya yi dariyar yaƙe. Da hantsi suka kwanta a kan tudu, ga dila can yana zaga garke. Leland ya harba. A cikin madubi Verna ta ga ɗan hayaƙi ruwan toka ya tashi a iska, ko rabin hanya bai kai ba. Ta san shi sarai, mijinta ya taɓa nuna mata. Zanen cikin bututun bindigar yana murɗa harsashi da ƙarfi. In ƙarami ne mai siririyar rigar ƙarfe, aka kuma cika masa wuta, sai ya tarwatse a sama ya zama ƙura. Maganin bai fi a rage albarushi ko a koma mai nauyi ba. Maganar ta zo mata har kan harshe.

Leland ya tambaye ta ina harsashin ya sauka.

"Ya yi ƙasa, Leland."

Ya ɗaga saiti ya sake. Hayaƙi ya sake tashi, ta sake ce masa ƙasa. Ya zagi iska, ya zagi mutanen Sweden, ya ce zai ƙara masa wuta. Ta ce shi ne maharbi, ita wa za ta koya wa? Ta karkaɗe siket ta koma gida ta ɗora gahawa.

Ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Dila ba wawa ba ne. Da suka gane ƙara ce kawai, sai suka daina ko ɗaga kai. Ta tagar kicin Verna take hango su da rana tsaka suna jan ɗan ragon Leland, tana jin harbi, tana ci gaba da murza fulawa. Daga ƙarshe albarushi ya yi yawa, kwanso ya fashe a cikin bindiga, wuta ta dawo wa Leland a fuska.

Da aka tara garkensa don yanke wa 'ya'yan tumaki jela, kamar yadda ake yi a can, ga abin da ya rasa: 'ya'yan tumaki arba'in da uku, iyaye bakwai, ragon barbara guda, bindigar gwanjo, da ganin idonsa na dama.