Kwandon da Hannu Bai Kai Ba

Shekara arba'in da ɗaya aikin Sjoerd ɗaya ne a sha'anin furanni: da sanyi ya fara ja baya, ya sauke akwatunan furen da ke bakin taga, ya juye tsohuwar ƙasa da busassun karare a mazubin shara. Shuka kuwa ta matarsa Tjitske ce. Bana babu Tjitske, tun Nuwamba aka binne ta, amma hannu ya riga ya saba. Talata ya juye akwatuna uku, Laraba motar shara ta kwashe. Bai ji komai ba. Dama tun rasuwar ba ya jin komai, ko ɗanɗanon kofi.

Ranar Asabar ya tura kekensa kasuwa, rumfar Baukje mai furanni. Ba wai yana so ba ne. A layinsu ba a barin taga tsirara, sai maƙwabta su ɗauka mai gidan ma ya bi matarsa.

"A'a, Sjoerd! Kai ne a rumfata? Lallai yau za a yi ruwa," in ji Baukje.

"Ba ni irin na kullum. Jajayen nan."

"Jajayen me? Ai bara Tjitske ta daina sayen masu mutuwa da sanyi. Awa guda ta yi a nan tana zaɓe, har ta ishe ni. Cewa ta yi, 'Ba ni masu dawowa da kansu duk shekara, mijina ko albasa bai iya shukawa ba.' Ba su tsiro ba ne? Duba gindin da kyau, dattijo. Saman ne kawai ke bushewa, saiwar tana nan da ranta."

Sjoerd ya tsaya yana kallon bakinta. Bara warhaka sati biyu ke nan da likita ya gaya musu gaskiyar ciwon Tjitske. Ashe shi ya sa.

"Ba ta faɗa maka ba?"

"Wataƙila ta faɗa," ya ce. "Ina karanta jarida."

Bai sayi komai ba, ya juya gida. A bakin ƙofa kwandon furen da ake ratayewa yana nan, shi kaɗai ya tsira, don kafaɗar Sjoerd ba ta ɗaguwa sama. Ya ɗauko kujera ya hau, ya ture busassun ganye da yatsa. Ga 'yan tsiro uku, kore shar, ko tsawon farce ba su kai ba.

Ya daɗe tsaye a kan kujerar. Can ya zura kansa ta ƙofar gidan.

"Tjitske," ya ce, "ruwa nawa ake ba su?"