Hular Keziya

Shekara bakwai Seth masaƙi ya yi yana lallaɓa furensa na firimula tun yana ƙwayar iri. Sai bana, da sanyi ya janye, ya buɗe yadda ake so: gefe kore shar, tsakiya fari fat da wani gari kamar an barbaɗa fulawa. Garin nan fa shi ne komai. Ɗigon ruwa ɗaya ya taɓa shi, alƙalin gasa ko kallo ba zai yi ba.

A ƙauyensu na Lankasha, can Ingila, duk watan Afrilu masaƙa na gasar fure. Wanda ya ci a ba shi butar tagulla, ya kuma raɗa wa furensa suna. Seth bai taɓa ci ba, amma suna kam yana nan a ajiye: Nasarar Seth.

"Tsoho, da ni ka kula haka da na yi ƙiba," in ji matarsa Keziya. Kullum sai ta faɗa.

Ranar gasar suka fito, shi rungume da tukunya, ita da sabuwar hularta ta zuwa coci, mai faɗin baki, wadda ko 'yarta ba ta yarda ta taɓa. Suna tsakiyar gada aka fara yayyafi. Ba rumfa, ba bishiya, Seth kuma garin zumuɗi ya fito kai ba hula. Ya tsaya sororo kamar an dasa shi.

Keziya ta ja tsaki, ta tuɓe hular ta kife a kan furen.

"Tafi mana. Ni ai ba gari a kaina."

Suka iso ɗakin gasar jagab. Maƙwabcinsu Jabez, mai butar gasa shida rataye a ƙofarsa, ya ce, "Seth, hula ka shuka bana?"

Alƙali ya ɗaga hular a hankali, ya duƙa, ya juya tukunyar dama da hagu. Ko ɗigo babu. Ya miƙa wa Seth buta, ɗaki ya kaure da tafi. Daɗi ya kashe tsohon nan.

"Wane suna za a rubuta?" in ji alƙali.

Seth ya waiga. Ga Keziya can tana matse hular da ta tashi daga aiki, ruwa na bin furfurarta.

"Rubuta Hular Keziya," ya ce.

"Ji shashanci," in ji ta. Amma da bakin zanenta take share ido.