Kazar da Ta Narke a Tukunyar Malama

Shekara talatin da ɗaya Malama ta yi tana koyar da girki a makarantar 'yan mata, kuma doka ɗaya ce ba ta taɓa sassauta wa kowa ba: kaza sai ta yi awa biyu a wuta. Haka uwarta ta gaya mata, haka ta rubuta a allo, haka ɗaruruwan yara suka haddace. Ba wanda ya taɓa ɗaga hannu ya tambayi wace irin kaza.

Da ta yi ritaya sai ta koma gidan ɗanta, Auta. Matarsa nas ce. Takan dawo daga asibiti, ko takalmi ba ta cire ba, ta yayyanka kaza, ta mulke ta da tafarnuwa da citta da lemun tsami, ta watsa a kasko. Minti ashirin an zuba abinci.

"Wannan ba girki ba ne, allura ce," in ji Malama. "A caka, a zare, mai bi ya shigo."

Nas dariya kawai take yi. Malama kuma takan cinye nata tas, ta ce yunwa ce.

Ranar da mahaifin Nas zai zo cin abincin yamma, karon farko tun zuwan Malama gidan, sai aiki ya riƙe Nas. Ta bugo waya.

"Mama, ki bar kajin a firij, ina dawowa zan yi. Na gidan gona ne, ba sa son..."

"Ke yarinya, ina fige kaza tun ba a haife ki ba. Yau babanki zai ci abincin mutane."

Ta kashe wayar. Ta ɗora babbar tukunya, ta zuba kaji biyu da ruwa da albasa, ta rufe, ta dubi agogo. Ƙamshi ya cika gida, ta zauna tana kaɗa ƙafa. Awa biyu cif ta buɗe.

Babu kaza. Ta zura ludayi, ya fito da ƙashin cinya fari fat. Ta sake zurawa, wasu zare-zare suka biyo shi kamar tsumman da ya kwana a ruwa. Kajin da ta sani masu yawon tsakar gida ne, shekara guda suna tsere da shaho, namansu kamar robar taya. Waɗannan kuwa sati shida suka yi a duniya, ko gudu ba su taɓa yi ba. Duk rayuwarta ba ta yarda ta sayi irinsu ba, balle ta san halinsu.

A haka Nas ta same ta, saura rabin awa baƙo ya iso. Ta leƙa tukunyar. Malama ta jira magana, ta ma shirya amsa. Da Nas ta yi gatse, da abin ya zo da sauƙi.

"Mama, miƙo min rariya," ta ce kawai.

Ta tace romon, ta zuba shinkafa a ciki ta mayar wuta. Ta tsince ƙasusuwa da yatsu tana hura su, ta matse naman sosai, ta zuba a mai mai zafi da albasa da tattasai da citta, tana juyawa har gefensa ya yi ja ya fara ƙaras-ƙaras. Malama na tsaye riƙe da farantin ƙashi. Da can ita ke zagaya ɗalibai da jan biro.

Mahaifin Nas tsohon direban jirgin ƙasa ne, muryarsa ba ta san ɗaki ba. Loma uku ya yi ya ajiye cokali.

"Malama, an ce min ke kika shiga kicin yau. Ko ba a faɗa ba harshe ya shaida! Kin ji hannun manya." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, 'yar gaggawa, Allah ya kawo miki makaranta har gida. Ki nutsu ki koya, ki daina ba yaron mutane ɗanyen nama."

"To, Baba," in ji Nas, ta ƙara masa ruwa. Yatsunta biyu sun yi ja.

Auta ya sunkuyar da kai yana lissafin ƙwayoyin shinkafa. Malama ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana cewa, "A ƙara maka, Baban Nas?" Abincin ya yi daɗi ƙwarai, shi ya sa yau ta kasa cinye nata.

Sai da baƙon ya shiga mota sannan ta iya faɗin gaskiya. Ta bi shi har bakin ƙofar gida ba takalmi, ta dafa tagar motar.

"Baban Nas, tsaya. Ba ni na yi ba. Ni narkar da kajin na yi, suka zama kunu. 'Yarka ce ta zo ta rufa min asiri cikin minti ashirin."

Ya dube ta, ya kwashe da dariya har yana dukan sitiyari.

"Kai, Malama! Ga iya girki, ga kara. Ai na san 'yata, ko ƙwai ta dafa sai an yi addu'a. Kada ki ɓata ta da yabo."

"Wallahi gaskiya nake gaya maka."

"Na ji, na ji. Wata mai zuwa zan zo da uwarta, ita ma ta ɗanɗana hannunki. Irin wannan ɗin dai za ki yi mana, kada ki canza komai."

Ya ja mota yana ɗaga mata hannu. Malama ta daɗe tsaye a bakin ƙofa. Daga kicin tana jin Nas na kankare gindin babbar tukunyar.